Cajin batirin injin lantarki na kwale-kwale: amsa ga ɗan'uwanmu na Yauri

Wa alaikumussalam Malam. Tun shekaranjiya na ga tambayar nan taka, na bari ne sai na samu natsuwa don ba abin da za a amsa a layi biyu bane. Bari in maimaita ta a taƙaice saboda waɗanda ba su gani ba. Malam ya ce su yake yi a wajen Yauri, ƙaninsa dake Amurka ya aiko masa da ɗan injin jirgi mai aiki da batir, irin wanda ake rubuta trolling motor a kwalinsa, ƙirar Minn Kota, 12V, an rubuta 55 lb a jiki, wato ƙarfin turinsa, an haɗo masa da caja amma har yau bai jona ta ba don filoginta ya ƙi shiga soket ɗinsa. Ya sayi sabon batirin mota 75Ah (Ah ɗin nan ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ɗauka ne) ya ɗaura, duk bayan kwana biyu ko uku yana kai shi wurin mai caji, wata uku batir ya ce ga garinku nan. Yana so ya sani, injin ne yake cin batir ko jabu aka sayar masa, sannan ko injinsa na fetur Yamaha 15 zai iya yi masa caji a kan ruwa, ko kuwa sola zai nema.

Toh kafin komai, cajar nan. Wallahi Allah ne ya taimake ka da filogin ya ƙi shiga, don Allah kar ka je ka sayo ƴar adafta ka cusa. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 230 ce, kuma yawancin cajojin jirgi da ake sayarwa a can na 120 ne kawai. Juya ta ka karanta abin da aka rubuta a wurin INPUT. In ka ga 100-240V shikenan, filogi kawai zaka canja. In ka ga 120V shi kaɗai, to sai da taransifomar rage wuta, wadda masu kayan wuta ke kira sitef-dawun, ka nemi ta wat 500 don ta yi aiki ba tare da tana huci ba. Ni da kaina na taɓa ƙona irinta, ba labari aka ba ni ba. Wani bawan Allah ne ya kawo min a shago a cikin kwalinta ko ledar ba a cire ba, ina hira ina yanke filogin na ɗaura namu, ina jonawa na ji ɗas, sai wani siririn hayaƙi mai warin roba ya fito ta gefe, ko sakan biyu ba a yi ba. Kuɗinta na biya, kuma tun ranar ko fitila aka kawo min daga waje sai na juya bayanta tukuna.

Yanzu maganar batir. Injinka lafiyarsa ƙalau, kuma mai yiwuwa batirin ma ba jabu bane, aikin da ba nasa ba ka saka shi. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa a cikin sakan uku ko huɗu, mota ta tashi, nan take altaneta ta mayar masa da ɗan abin da ya fita. Shi ya sa farantan dalma na cikinsa sirara ne kuma masu yawa. In ka riƙa zuƙe shi har ƙasa kullum, sinadarin da aka shafe farantan da shi sai ya riƙa zubewa yana taruwa a gindin batirin kamar laka, in ka taɓa ganin an fasa tsohon batir ka san abin da nake nufi. Wata uku kana kai shi caji duk kwana biyu ko uku, kaga ka sauke shi sau talatin ko arba'in kenan, ai ya ma yi ƙoƙari. Abin da kake buƙata shi ne wanda aka rubuta deep cycle a jikinsa, mai farantai masu kauri, irin dangin batiran sola da inbata. Shi wannan in ka kula da shi zai yi maka saukewa da cikawa sau ɗaruruwa.

Amma fa ka saurare ni nan, don in ka sayi deep cycle ɗin ka ci gaba da yadda kake yi yanzu, shima ba zai ga damina biyu ba. Babban abin da ya kashe maka batir shi ne kwanan da yake yi ba caji. Duk lokacin da batirin dalma yake ba da wuta, asid ɗin ciki yana haɗuwa da dalmar ya zama wani farin gishiri a jikin farantan. Wannan ba laifi bane, haka yake aiki, in ka yi caji gishirin ya narke ya koma asid. Matsalar ita ce in aka bar shi ya kwana ɗaya, biyu, uku, sai ya fara daskarewa ya yi tauri, kuma wanda ya yi tauri caja ba ta iya narkar da shi duka. Kowane zagaye kana rasa ɗan wani yanki na batirin wanda ba zai dawo ba. Kamar tukunyar tuwo ce, in aka jiƙa ta da an kwashe, da hannu ma sai ta fita, in aka bar ƙanzon ya kwana uku sai an sa cokali ana kankara. To shi batir ba ta inda zaka sa cokali. Don haka ranar da ka dawo daga ruwa, ranar zai hau caji, ko da awa ɗaya kawai ka yi amfani da shi. Kar ka ce ai da saura sai gobe. Kuma kar ka bari sai asubar da zaka fita ka ce a ɗan ɗana maka na awa ɗaya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu yi ɗan lissafi don ka ga girman abin. Injin nan naka mai 55 lb in ka murɗe shi har ƙarshe yana jan kusan amfiya 50. Batir mai 100Ah, rabinsa ne naka, wato 50Ah, don batirin dalma ba a so yana sauka ƙasa da rabi. Kenan awa ɗaya a cikakken gudu, kuma a gaskiya ma ba za ta kai ba, saboda 100Ah ɗin da aka rubuta an auna shi ne a kan jan amfiya 5 na tsawon awa 20, duk yadda ka ƙara jan wuta da ƙarfi, abin da batirin zai iya ba ka raguwa yake. In kuwa ka tsaya a matsakaicin gudu inda yake jan amfiya 15 zuwa 20, zaka samu awa biyu da rabi zuwa uku. Kuma abin mamakin, bambancin saurin kwale-kwalen tsakanin matsakaici da ƙarshe ba wani mai yawa bane, wutar ce kawai take tafiya. Yanzu ka auna wannan da ɗan 75Ah ɗinka na mota, minti arba'in da ƙyar.

Dama can ba don tafiya aka ƙera shi ba. Wani mutum ne mai suna O.G. Schmidt ya fara yin irinsa a garin Fargo dake jihar North Dakota a 1934, sunan kamfanin ma daga Minnesota da Dakota aka yanko shi, kuma amfaninsa a wurinsu shi ne su je wurin da babban inji, su kashe, sannan su sauke wannan su lallaɓa a hankali ba tare da ƙara ta kori kifi ba. Kaima haka zaka yi. Yamaha ya kai ka ya dawo da kai, wannan kuma ka bi layin mamarinka ko kallinka da shi a hankali kana dubawa. Ruwan Kainji ba kududdufi bane, in iska ta taso kana tsakiya wannan ɗan injin ba zai fitar da kai ba, filafilinka kar ya bar cikin jirgi.

Ta yaya zaka san ka kai rabi? Sayi ƴar mita ta dijital mai auna bolt, ba ta da tsada, ta fi maka amfani fiye da duk wata shawara da zan ba ka. Batirin dalma mai ruwa in ya cika kuma ya huta zai nuna 12.6 zuwa 12.7. In ya nuna wajen 12.4 saura kashi uku cikin huɗu, 12.2 ko 12.1 rabi kenan, nan ne iyakarka. In ka ga 11.9 ya faɗi warwas. Mutane da yawa in sun ga 12.0 sai su ce ai batirin 12 ne, a cike yake, alhali ya kusa ƙarewa. Sharaɗin shi ne ya huta. In inji yana jan wuta lambar za ta faɗi ƙasa fiye da gaskiya, ka kashe ka jira kamar minti goma sha biyar ka auna. In kuma yanzu aka cire shi daga caja zai nuna 13 da wani abu, wannan kumfa ce kawai, sai ya yi awanni a ajiye gaskiyarsa take fitowa.

Wannan kumfar ita ce take rufe asirin cajin kasuwa. Ba ina zagin masu caji bane, sana'arsu ce kuma da yawansu iya abin da suke da shi kenan, amma ka leƙa ka gani, ƙatuwar taransifoma ce guda ɗaya an jera mata batira shida ko takwas, na babur da na mota da na tirela duk a layi ɗaya, ba abin da yake auna ko wanne ya cika ko wanne bai cika ba, lokaci kawai ake dubawa ko a taɓa a ji ya yi ɗumi. In ka zo ɗauka a goga waya a kansa ta yi tartsatsi a ce maka ya cika. Wani ya dahu, wani ko kashi tamanin bai kai ba.

Caji na gaskiya hawa uku ne. Da farko caja tana tura duk amfiyar da take da ita, bolt yana hawa a hankali har ya kai wajen 14.4 zuwa 14.8, a nan batirin ya kai kusan kashi 80. Daga nan sai ta riƙe bolt ɗin a wurin, amfiya kuma ta riƙa sauka da kanta, wannan hawan shi ne mai cin lokaci, awa biyu, uku, har huɗu, kuma shi ne wanda kowa yake yankewa don an ga kamar ba abin da ke shiga. Alhali a nan ne ragowar gishirin nan yake narkewa. Batirin da kullum ake cire shi a kashi 80 ko 85 yana mutuwa ne a hankali ko da kullum ana kai shi caji. In amfiyar ta sauko zuwa wajen 2 a batir mai 100Ah, to ya ƙoshi. Sai hawa na uku, cajar ta sauko 13.2 zuwa 13.6 ta riƙe shi a nan, ko ya kwana a jone ba abin da zai same shi. Cajar da ƙaninka ya aiko kusan tabbas tana yin duk wannan da kanta, shi ya sa na ce ka lallaɓa ta, ta fi duk abin da zaka samu a kusa da kai.

Girman caja kuma, ka ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na girman batirin. 100Ah, caja mai amfiya 10 zuwa 15. In ka ci 50Ah sai ka mayar da kusan 60, don wani yana tafiya a zafi da iskar gas, kaga a lissafi awa shida ne da mai amfiya 10, amma saboda jan ƙafar da yake a ƙarshe ka sa awa takwas zuwa goma a ranka. In cajar taka mai amfiya 5 ko 6 ce za ta yi, sai dai dare ɗaya ba lallai ya ishe ta ba.

Na san tambayar da za ta biyo baya, ina wutar da za ta yi awa goma. In janareta ne, ka jona cajar a soket ɗin 230 kamar kowane kayan wuta. Kar ka yi amfani da ƴar kafar nan ta DC 12V 8.3A dake jikin ƙananan janareta, ba ta da abin da ke tsayar da ita, in batir ya cika ci gaba take yi da turawa har ruwan ya tafasa. In dole ta sa, ka tsaya a kai da mita, yana wuce 14.8 ka cire. Amma ƙona fetur na awa takwas a kan batir ɗaya ba ciniki bane, shi ya sa a wurinka ni sola zan ce.

Kafin sola bari in sallami maganar Yamaha. Ƙananan injinan nan masu jan igiya, abin da ke cikinsu ɗan koyil ne na kunna fitila, wanda in ya yi ƙoƙari ya ba da wajen amfiya 6, shima sai inji yana cikakken gudu, kuma sai an ɗaura masa abin da ke juya wutar ta koma irin ta batir kafin ma a yi maganar caji. Ka yi tafiyar minti talatin zuwa, talatin dawowa, ka samu 6Ah a mafi yawa, kai kuma ka ci 50. Ko bakin batirin bai jiƙa ba. Masu manyan jirage a Amurka suna yin hakan don injinansu na da altaneta mai amfiya 40, 50 ko fiye, su ma ɗin da sun koma gida sai sun jona wuta.

Sola ta dace da kai saboda yanayin aikinka, in da daddare ko da asuba kake fita ka dawo da hantsi, rana tana fitowa batir yana hawa caji, ba ya kwana da yunwa. Fanel mai wat 100 yana ba da amfiya 5 da ɗan kai a tsakar rana, kuma a ƙasarmu ka lissafa kamar awa biyar na rana mai ƙarfi. Wat 200 zai ba ka 50 zuwa 55Ah a ranar da gari ya yi garau, kaga bai ma cika 60 ɗin da kake nema ba, in hazo ya sauko ko aka shiga hadarin watan Agusta kuma sai ya ƙara yin ƙasa. Ni wat 300 zan ce, ko kuma ka tsaya a 200 ɗin ka rage yawan abin da kake ci. A bakin gaɓa ko a gida zaka kafa shi, ba a cikin kwale-kwale ba, wurin da koma da kifi da ƙafafun mutane suke ba wurin gilashi bane. Kuma lokacin hunturu kullum da safe a sa tsumma a goge ƙurar.

Kar ka kuskura ka haɗa fanel kai tsaye da batir, na ga masu yi da yawa. Fanel ɗin da ake ce wa na 12 yana kai bolt 21 ko 22 in ba kaya a kansa, zai dafa maka batir. Dole kwantirola a tsakani, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir, mai amfiya 30. Nan kuma akwai wani rami da mutane ke faɗawa. Manyan fanel na wat 300 zuwa sama yawanci bolt ɗinsu na aiki 30 da wani abu ne, in ka haɗa irin wannan da ƙaramar kwantirola mai araha da ake kira PWM a kan batirin 12, fiye da rabin ƙarfin fanel ɗin ya tafi a banza, ka biya kuɗin 300 kana shan 130. Irin wannan sai kwantirola irin MPPT, wadda ke juya rarar bolt ɗin ta koma amfiya. In PWM zaka saya don sauƙin kuɗi, to ka nemi fanel waɗanda aka rubuta Vmp (bolt ɗin aiki) wajen 18V a bayansu, guda biyu masu 150 ka haɗa su jan waya da jan waya, baƙa da baƙa. Sannan ka yi hattara da ƴan shuɗayen kwantirolan nan marasa nauyi da ake manna wa MPPT a goshi, ta gaske tana da nauyi don akwai ƙaton naɗin waya a cikinta, kuma kuɗinta ba ya kusa da na waɗancan. Araha ba ta ado. Wurin haɗawa batir ake fara ɗaurawa a kwantirola sannan fanel, wurin cirewa fanel ake fara cirewa. Tunda kai kullum zaka riƙa ɗauke batirin, ka sa makunni a wayar fanel ɗin ka riƙa kashewa kafin ka cire.

In da hali, batir biyu ya fi, ɗaya yana ruwa ɗaya yana caji, kowanne yana samun yini guda cur ya ƙoshi. Na san kuɗi ne, amma biyun da ake juyawa sun fi daɗewa a kan ka sayi ɗaya ya mutu ka sake sayen ɗaya.

Zafi kuma, wannan namu ne mu kaɗai, littafin da ya zo da injin ba zai dame ka da shi ba. Duk lambobin cajin nan da na faɗa an tsara su ne a kan digiri 25. Yauri a watan Maris da Afrilu ana wuce 40. Ƙa'idar ita ce duk digiri ɗaya da aka haura 25 a rage kusan 0.03 a bolt ɗin caji, wato a digiri 40 ka rage wajen 0.4, in kwantirolarka tana bari a saita, lokacin bazara ka ajiye ta a 14.2 zuwa 14.4. Kuma duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba tsawon ran batirin dalma kusan biyu. Don haka fanel a rana, batir a inuwa inda iska ke wucewa, a cikin jirgi ma ka rufa masa wani abu. In kana caji ka ɗora hannu a gefensa ka ji ba ka iya barin hannun, cire shi ya huce.

In mai ruwa ka saya, mai murafu a sama, duk sati biyu ka buɗe ka leƙa. Ruwan ya rufe farantan da kamar faɗin yatsa. Tataccen ruwan batir zaka ƙara, wanda ake cewa distil, ba na kogi ba, ba na rijiya ba, ba fiya wata ba. Kuma bayan caji ake ƙarawa don ruwan yana kumbura in ana caji, in ka cika kafin, zai yi ambaliya, sai dai in ka ga farantan a waje to ka ɗan rufe su tukuna. Asid kuwa ba a ƙarawa, ruwa ne yake tashi, asid yana nan. Masu cewa a zubar a wanke a zuba sabon asid, ko a jefa ƙwayar magani a ciki, batirin zai ɗan yi kamar ya farfaɗo na sati ɗaya ko biyu daga nan shikenan. Zancen wai kar a ajiye batir a kan siminti yana shanye caji, wannan tun zamanin da ba a yin gidan batir da roba ne, yanzu ba komai. Farin garin nan ko kore dake taruwa a kan batir, ka jiƙa ƴar kanwa ka goge da tsohon buroshi, ka tabbata murafun a rufe suke kar ta shiga ciki, in ya bushe ka ɗaure tam ka shafa basilin.

Wanne zaka saya? Dogon tubula mai 200Ah ko 220Ah na inbata yana da juriya sosai amma ya haura kilo 55, ga tsawo, ga ruwa a ciki da zai riƙa tangaɗi, ɗaukarsa kullum daga gaɓa zuwa gida sai ya karya maka baya. AGM ko jel mai 100Ah, wanda yake a rufe ba ya zuba, nauyinsa wajen kilo 30, ya fi dacewa da jirgi, sai dai shi ba ya yafe cajin da ya wuce kima don ba ta inda zaka mayar masa da ruwan da ya tashi, kar ka kai shi cajin kasuwa ko sau ɗaya, kuma jel bolt ɗinsa ya fi ƙasa, wajen 14.1 zuwa 14.4, ka bi abin da aka rubuta a jikinsa. In aljihu zai ɗauka, litiyam irin LiFePO4 mai 100Ah shi ne ƙarshen magana, kilo 11 zuwa 13, kana iya cin kashi 80 ko 90 nasa, zagaye dubbai, kuma babban abin, bai damu ba in ya kwana rabi, wancan ciwon na gishiri babu shi. Amma sai caja ko kwantirolar da take da saitin litiyam, 14.2 zuwa 14.6, ka tabbata BMS ɗinsa, wato na'urar kariya dake cikin batirin, yana ɗaukar amfiya 100, kuma ka sani mita ba za ta gaya maka saura nawa ba don yana tsayawa a 13.2 kusan har ƙarshe sannan ya ɗauke ɗif ba sallama, kana tsakiyar ruwa. Sai ka sa masa ƴar na'urar da ke ƙirga amfiyar da ta fita. Kuma kasuwa ta cika da waɗanda aka harhaɗa da tsofaffin sel, in ba wurin wanda zai ba ka garanti a rubuce ba kar ka saya.

Wanda nasa injin 24V ne, mai batir biyu a jere, su zama iri ɗaya, girma ɗaya, an saye su rana ɗaya, kuma kar a riƙa jan fitila ko cajin waya daga guda ɗaya, wanda ake ja ɗin zai riƙa zama baya har ya ja ɗan'uwansa su mutu tare.

Waya ma tana cin caji ba a sani ba. In ka ƙara tsawon wayar injin da irin 4mm ta wayarin gida, tsawon mita uku zuwa, uku dawowa, a amfiya 50 kana zubar da kusan bolt 1.3 a hanya, wayar tana ɗumi inji yana kasala kai kana zagin batir. Da 16mm asarar ba ta wuce 0.3 da ɗan kai ba. Ka kankare bakin wayar ka gani kafin ka biya, in cikin fari ne to alminiyam ce aka yi wa wankan jan ƙarfe. Ka sa bireka ko fis mai amfiya 60 a jan waya dab da batir, ka bar amfani da ƴan maƙallan nan masu baki kamar kada, ka sa na ɗauri da noti. Sannan duk ƴan kwanaki ka kwance farfela ka duba bayanta, zaren koma da ciyawa suna naɗewa a sandar, inji ya riƙa jan wuta fiye da kima, in zaren ya ci robar da ke tare ruwa kuma ruwa ya shiga cikin injin, wannan wata asarar ce daban.

Lokacin caji ka cire wayar injin daga kan batir. Ka fara maƙala caja a batir sannan ka kunna wuta, in an gama ka fara kashe wuta sannan ka cire. Dalili, batirin dalma in ya kusa cika yana fitar da iskar haidurojin, kashi 4 cikin ɗari kawai take buƙata a iska ta kama. Na taɓa tsayawa a wani shagon caji ina jiran canji, yaron shagon ya zare maƙalli ɗaya caja tana kunne, tartsatsi ɗaya, sai ƙara kamar an fasa taya, saman batirin ya tsage, murafu biyu suka bugi kwanon rufi. Allah ya sa fuskarsa na gefe, bokiti guda muka juye masa, washegari rigar duk ta zama huji-huji. In asid ya taɓa fata ko ido ruwa mai yawa ake ta zubawa ba ƙaƙƙautawa, na ido kuma a wuce asibiti. Kar a yi caji a ɗakin da ake kwana ƙofa a rufe, kar a sha taba a kai, a cikin jirgi kuma batir a wannan ƙarshen jarkar fetur a wancan, a cikin akwatin roba da aka ɗaure don kar ya kife, kuma a ɗan ɗaga shi daga ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi.

Tsohon batirin kar ka jefa shi a kogi ko ka bar yara su fasa, dalma guba ce, masu sayen matattun batira za su ba ka kuɗi a kansa ka ƙara a na sabo. Ka ɗauko min hoton bayan cajar nan inda aka rubuta INPUT da OUTPUT, ka kuma faɗa min ƙarfe nawa kake fita ƙarfe nawa kake dawowa, da ko injin mai lamba 1 zuwa 5 ne a hannunsa ko mai murɗawa ba lamba, don masu lamba biyar ɗin sun fi cin wuta a ƙaramin gudu, da wannan zan san ko 100Ah zai ishe ka ko sai mun haura.